Ramammen Kwikwiyo a Ƙasar Magarya da Dungas: Me Ya Kamata a Zuba Masa a Kasko?

Daga Bande zuwa Sasumburum, daga Washa zuwa Gushi da Malawa, da wuya mutum ya ratsa ƙauye bai ji haushin kare ba. Manomi na ajiye shi saboda rumbu da garken awaki. Mai lambu a fadamun Korama na ɗaure shi kusa da rake da rogo. Bafillace na tafe da nasa a bayan shanu, samari kuma na renon nasu domin farautar rani. Sai dai in ka leƙa inda ake ajiye masa abinci, abin da za ka tarar fasasshen kasko ne a gindin danga, a ciki ɗan ƙanzon da aka jiƙa, ko dusar gero da aka kwaɓa da ƙasari, wata rana kuma sauran tuwon jiya da ya soma tsami. Babban kare yakan lallaɓa ya rayu a haka, domin yana yawo, ya kama ɓera a gona, ya tsinci abin da ya faɗi a mahauta. Mai shan wuyar shi ne kwikwiyo, tun daga yaye har zuwa kusan shekara guda. Kowa ya san kamarsa: kai ƙato, ciki a kumbure, ƙafafu sirara, gashi a tsattsaye ba sheƙi, ana ƙirga haƙarƙarinsa tun daga nesa.

Wani zai ce, a ƙasar da yara ke fama da tamowa, ina ake ta abincin kare? Maganar tana da nauyi. Gundumomin nan biyu, waɗanda a da ɗaya ne kafin a cire Dungas daga Magarya a 2011, sun haura mutum 900,000 a ƙidayar 2012, kuma tun 2005 ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, ke jinyar yara a Magarya, inda gadaje ke cika maƙil duk damina saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Ba mai hankalin da zai ce a ɗauke ƙwai daga bakin yaro a miƙa wa kare. Amma kusan duk abin da kwikwiyo ke buƙata yana cikin abubuwan da gida da kasuwa ke zubarwa. Sannan kuma ramammen kare mai cike da tsutsa, wanda yunwa ke kora bola-bola, haɗari ne ga yaran gidan da ke wasa a ƙasa ɗaya da shi. Kula da shi wani ɓangare ne na kula da su.

Kafin a ce kare ya rame, sai a tabbatar ramar ce. Karnukanmu na Sahel sirara ne tun asali. Dubi karen Buzaye na kwarin Azawak, can arewacin Tawa har cikin Mali: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, ƙasusuwan ƙugu a bayyane, kuma lafiyarsa lau. Karnukan ƙauye da yawa a ƙasar Damagaram suna da wannan ƙira. Likitocin dabbobi suna da ma'auni mai hawa 9 da wata likita Ba'amurkiya, Dottie Laflamme, ta tsara a 1997: hawa na 1 fata da ƙashi ne, na 9 ƙiba ce har ta hana tafiya, daidai kuwa shi ne 4 ko 5. Ba sai da na'ura ba, hannu ya isa. Shafa gefen ƙirjin karen. In ka ji haƙarƙarin kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka sa'ad da ka shimfiɗa shi, da ɗan nama a kai, to yana daidai. In kuwa sun tsaya cako-cako kamar gaɓoɓin yatsu sa'ad da ka dunƙule hannu, ga ƙashin baya ya fito, cinyoyi sun zube, kan ya shiga ta gefen idanu, wannan rama ce ta gaske.

Mutanenmu gwanaye ne wajen turka. Matar Magarya ta san yadda za ta ɗaure rago wata uku ko huɗu kafin Layya, ta bi shi da harawa da dusa da kanwa har ya yi kitsen da zai ja kuɗi a kasuwar Maigatari. Wannan gwaninta ba ta aiki a kan kare. Rago na da tumbin da ke narkar da ciyawa da dusa, hanjin kare kuwa gajere ne, dusa na wucewa ta cikinsa kusan yadda ta shiga. Kuma ba kitse ake nema a jikinsa ba, tsoka da ƙashi ake nema. A Amurka an bi rayuwar karnuka 48 irin Labrador tun suna ƙanana har mutuwarsu, aka buga sakamakon a 2002: waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu daɗewa a duniya da kusan shekara biyu. Saboda haka manufa ita ce a kai ramamme hawa na 4, a tsaya nan.

Aikin farko ma ba a kasko yake ba, a cikin hanji yake. Kusan kowane kwikwiyo da tsutsa ake haihuwarsa. Akwai wata zagayayyar tsutsa mai kama da taliya, masana na kiranta Toxocara canis, wadda 'ya'yanta ke kwanciya shiru a jikin karya, sai cikinta ya kai wajen kwana 42 su farka, su ratsa mahaifa su shiga 'ya'yan tun ba su zo duniya ba. Ita ce ke kumbura cikin kwikwiyo tana cinye abin da ya ci. Akwai kuma wata ta biyu, ƙarama mai ƙugiya a baki, tana biyowa ta nonon uwa ko ta huda fata daga danshin ƙasa, ta maƙale a bangon hanji tana zuƙar jini. Ɗaga leɓen kwikwiyon ka duba dasashinsa. Mai lafiya ja-ja ne. In ka gan shi fari fat, kashin kuma baƙi mai yauƙi, to jini ne ke tsiyayewa, kuma ko naman sa guda aka ba shi ba zai yi ƙiba ba sai an kashe tsutsar. Da damina abin ya fi muni, domin ƙwan tsutsa na son laima.

Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce a ba kwikwiyo maganin tsutsa yana da mako 2, a maimaita a mako na 4 da na 6 da na 8, daga nan sau ɗaya a wata har ya cika wata 6, sannan duk bayan wata 3. A haɗa da uwar, in ba haka ba an yi aikin banza. Magunguna irin su pyrantel da fenbendazole ne ke kashe waɗancan biyun, praziquantel kuma na tsila ne, wadda ake ganin gutsattsarinta farare a gindin wutsiya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake sayen ƙaton ƙwayar maganin shanu wajen masu shimfiɗa magani a ƙasa ranar kasuwa, a gutsura da haƙori a tura wa kwikwiyon da bai kai kilo 3 ba. Maganin dabba da nauyinta ake auna shi. Allurar sammore ta shanu, in ta ɗan wuce kima, tana taɓa ƙwaƙwalwar kare ta kashe shi. Haka wankan fiya-fiya saboda kaska da ƙuma, da ƙwayoyin ciwon jiki na mutane. A tafi ma'aikatar kiwo ta gunduma ko wajen malamin dabbobi na kusa, a faɗa masa nauyin karen, shi ya yanke yawan maganin.

Kaska ma ba ƙaramar ɓarauniya ba ce. Bayan jinin da take sha a kunnuwa da tsakanin yatsu, tana saka wa kare ƙwayoyin cuta masu fasa jini, ya yi ta zazzaɓi yana ƙin abinci. A riƙa cire ta da hannu kullum, a share makwancin, a ƙone tsummokaran da ta yi gida a ciki.

To, yanzu sai kasko. Kare ba zaki ba ne, yana iya cin hatsi. A 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Erik Axelsson, sun nuna cewa zaman dubban shekaru tare da manoma ya sauya cikin kare: ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, kyarkecin da kare ya samo asali daga gare shi guda 2 yake da ita, kare kuwa daga 4 har zuwa 30. Don haka tuwon gero ko na dawa abinci ne a gare shi, muddin ya dahu sosai. Ɗanyen gari da gumba da dusa ne ba sa yi masa amfani. Inda gizo ke saƙar shi ne tuwo kaɗai bai isa ba. Kwikwiyo mai girma na buƙatar kusan ninki biyu na ƙarfin abincin da babban kare mai nauyinsa ke buƙata. Ma'aunin da masu haɗa abincin karnuka ke bi a Amurka ya ce furotin, wato sinadarin gina jiki, kada ya gaza kashi 22.5 cikin ɗari na busasshen abincin kwikwiyo, mai kuma kada ya gaza kashi 8.5. Gero kuwa furotin ɗinsa wajen kashi 11 ne, rabin abin da ake nema ke nan, kuma ko shi ɗin yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin wanda tsoka ba ta ginuwa sai da shi. Ga kuma ruwa da ya fi yawa a malmalar tuwo. Cikin kwikwiyo ɗan ƙarami ne, yakan cika tun jikin bai sami rabonsa ba.

Allah Ya sa maganin wannan giɓi yana cikin gonakinmu. Wake, wanda ake shukawa tsakanin kunyoyin gero a ƙarƙashin gawo ko'ina a ƙasar nan, furotin ɗinsa ya kusa kashi 24, kuma yana da laisin ɗin da gero ya rasa. Sai an dafa shi ya yi luguf an dame, domin ɗanye ko mai rabin dahuwa yana hana narkewar abinci ya kawo gudawa. Wake mai ƙwari da aka tsince aka ware, wanda ba za a kai kasuwa ba, ya wadatar, in dai ba a zuba masa maganin ajiya ba. Tunkuza da ƙuli-ƙulin da matan da ke matsar man gyaɗa ke fitarwa sun haura kashi 40 na furotin, sai dai a nemi marar barkono. Busasshiyar fara, fiye da rabin nauyinta furotin ne, kuma ɓurɓushin da ke taruwa a gindin buhu, kafin a soya ta da yaji, abinci ne mai kyau in an daka. Akwai dusar waken suya da masu awara ke tacewa, ita ma sai an dafa. Akwai kan kifi da ƙananan busassun kifi da suka farfashe. Ranar kasuwa kuma akwai abin da mahauta ba sa sayarwa: guntattakin huhu, saifa, maƙogwaro, kankarar tumbi. Hanta tana da amfani ƙwarai ga mai ƙarancin jini, amma 'yar kaɗan, yanka ɗaya sau biyu a mako, don yawanta na cutarwa.

Ga misali da kare ɗan wata 6 mai nauyin kilo 10. Yana buƙatar kalori wajen 800 a yini. Garin gero cikin gwangwanin madara ɗaya, wato kimanin giram 100, in an tuƙa shi, ya ba da kusan 370. Ɗanyen wake giram 50, ƙasa da rabin gwangwanin, a dafa, ya ƙara 170. Dafaffen kayan ciki giram 100, wajen 150. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, 120. An kai 800 ke nan da 'yan kai. Ranar da babu nama, a maye gurbinsa da dakakkiyar fara ko tunkuza cikin tafin hannu da ludayin nono. A lura da wannan cokalin mai: giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na hatsi kuwa 4, shi ya sa mai ne hanya mafi sauƙi ta ƙara wa abinci ƙarfi ba tare da an cika ciki ba. Amma da ƙaramin cokali ake farawa, a ƙara a hankali.

Nono mai tsami ya fi madarar da aka tatso yanzu. Karnuka da yawa bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikin sabuwar madara, sai ta sa su zawo, alhali tsami ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Ƙwai kuma, in ya samu, kamar na zabi da ya fashe a damina, a dafa shi.

Akwai wani abu da ake mantawa da shi, kuma shi ke lanƙwasa ƙafafun kwikwiyo: kalsiyam, sinadarin ƙashi. Hatsi da wake da nama duk suna da yawan fosforas da ƙarancin kalsiyam, jiki kuwa yana son su kusan kai ɗaya. In bai samu a abinci ba, sai ya riƙa zara daga ƙashi, ƙafafu su gantsare, ƙashin ya riƙa karyewa da ɗan tsalle. Maganin kyauta ne a teburin mai shayi. Ɓawon ƙwan kaza guda ɗaya na ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyam. A tafasa shi, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa na ƙwai ɗaya a abincin yini na wancan kare mai kilo 10. Kada a wuce haka da sunan neman ƙarfi, kuma kanwa ba ta maye gurbinsa.

Yadda ake bayarwa ya kai abin da ake bayarwa muhimmanci. Karen da ya daɗe cikin yunwa, in aka cika masa kasko rana ɗaya, tausayin na iya zama ajalinsa, domin gishirin da ke cikin jininsa yakan rikice farat ɗaya har zuciya ta kasa. A soma da kashi ɗaya cikin uku na abincin yini, a raba shi sau huɗu ko biyar, a riƙa ƙarawa har a cike cikin mako guda. Bayan ya murmure, ɗan ƙasa da wata 3 ya ci sau huɗu a yini, zuwa wata 6 sau uku, daga nan sau biyu. A ba shi nasa shi kaɗai, a tsaya a kansa minti goma. Sau da yawa abincin da mai gida ke zaton kwikwiyo ya ci, babban kare ne da kaji da awaki suka wawashe. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kare ba ya son ci da rana, sai a ba shi da sassafe da kuma bayan magariba. Ruwa mai tsabta ya zauna a inuwa dare da rana.

Sauran miyar gida kuwa a yi hattara da ita. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga shi dama jinin bai ishe shi ba. Goro da ganyen shayi da kofi da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke sa zuciyarsa bugu har ya yi farfaɗiya. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa ya huda hanji. Ɗanyen rogo mai ɗaci guba ne. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a rumbu, wadda akan ce a ba dabbobi don kada a yi asara, tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma kare na cikin dabbobin da ba sa jure mata: a 2005 abincin kanti da aka yi da irin wannan masara ya kashe karnuka da dama a Amurka. Ranar Layya ma, tulin kitsen da ake watsa wa karen da bai saba ba yakan kwantar da shi da amai da ciwon ciki mai tsanani.

Maganar dafa kayan ciki ta wuce lafiyar kare kaɗai. Mahauci kan tarar da wata jaka mai ruwa a huhu ko hantar tunkiya, ya yanke ta ya jefa wa karnukan da ke jira. Cikin jakar nan 'ya'yan tsila ne. Su girma a hanjin kare, ƙwansu ya fita ta kashi ya bazu a ciyawa da bakin rijiya. Tunkiya ta ci, irin jakar ta fito mata. Akwai ma nau'in da ke hawa ƙwaƙwalwa ya sa tunkiya ko akuya ta yi ta juyawa wuri guda har ta mutu. Yaron da ya shafa karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, jakar na iya tsirowa a hantarsa, ta yi shekaru tana girma, ƙarshe sai tiyata. Tafasa ɗaya mai kyau na yanke wannan zagaye, abin da ya riga ya nuna cuta kuma a binne shi da zurfi ko a ƙone. Da sarakunan fawa za su tsaya a kan wannan a kowace kasuwa, da makiyaya sun ga bambanci a garkensu.

Har yanzu ana jin masu cewa yunwa ce ke sa kare zafi, wai in ya ƙoshi ba zai yi gadi ba, ba zai bi zomo ba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Karen da ke jin yunwa barin gidan yake yi ya tafi neman abinci, a can ya yi faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba, ya dawo da cizo. Gudun farauta kuma tsoka yake so, tsokar da aka gina tun watanni kafin a buga gangar fita, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta fuskar addini ma, littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajiran ƙasar nan ke karantawa, ya halatta ajiye kare domin gona da dabbobi da farautar neman abinci, kuma hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne a Bukhari da Muslim. Wanda ya ɗauko kwikwiyo ya raba shi da uwarsa, ciyar da shi ya hau kansa. Kuma kada a raba su kafin mako 8.

A riƙa auna shi duk mako a sikelin masu sayen amfanin gona: mutum ya hau riƙe da karen, ya sake hawa shi kaɗai, a debe. Cikin mako biyu zuwa uku da ba da maganin tsutsa da gyara abinci, ya kamata a ga cikin ya sace, gashi ya kwanta, dasashi ya yi ja, nauyi na hawa. In ba a ga haka ba, akwai wata cuta a ƙasa, sai likita. Amai da gudawar jini mai ɗoyi ga kwikwiyo alamar cutar farbo ce, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, tana kisa cikin kwanaki kaɗan, kuma ba abinci ke maganinta ba, ƙarin ruwa ne da gaggawa. Tana da allurar riga-kafi da ake somawa daga mako 6 zuwa 8.

In an je wajen likitan, a nemi a yi wa karen allurar haukan kare da zarar ya cika wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyon da ya daina ci ba zato, ya canza hali, yana dalalar da miyau ko ya kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi ko ɗura masa kunu. A killace shi a kira malamin dabbobi. Mutumin da karen ya ciza ko ya yakusa kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, ya wuce asibiti a ranar.